Azim Premji: Tambayoyi da amsoshi kan mai kamfanin Wipro da kyautar da ya yi da dukiyarsa

Idan ana lissafin attajiran da suka yi arziki da manhajar kwamfuta, daga baya suka juya suna raba dukiyar, sunayen Amurkawa ne ke fara zuwa baki. Amma ɗaya daga cikin kyaututtuka mafiya girma da aka yi a wannan zamani daga Indiya ta fito, daga hannun wani dattijo marar son surutu, wanda ya fara kasuwanci da man girki da sabulu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa, da amsoshinsu.

Wane ne Azim Premji?

Sunansa Azim Hashim Premji. An haife shi ranar 24 ga Yuli, 1945, a birnin Bombay wanda yanzu ake kira Mumbai, a gidan Musulmi 'yan kasuwa masu asali da Gujarat. Shi ya shugabanci kamfanin Wipro daga 1966 zuwa 2019, shekara 53 ke nan, kuma a hannunsa kamfanin ya tashi daga ƙaramar masana'antar man girki ya zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin fasahar kwamfuta na Indiya, wanda daga baya ma'aikatansa suka haura 200,000. Shi ne kuma ya kafa Gidauniyar Azim Premji, wadda ya sallama wa yawancin abin da ya mallaka. Matarsa Yasmeen, 'ya'yansu maza biyu, Rishad da Tariq.

Da gaske ne Wipro da man girki ya fara?

Ƙwarai kuwa. Mahaifinsa, Muhammad Hasham Premji, babban ɗan kasuwar shinkafa ne, har ana yi masa laƙabi da sarkin shinkafar Burma. A watan Disamba na 1945 ya kafa kamfanin Western India Vegetable Products a garin Amalner na jihar Maharashtra ta yanzu. Abin da suke yi shi ne daskararren man girki da Indiyawa ke kira vanaspati, mai tambarin Sunflower, da wani sabulun wanki mai suna 787. Daga wancan dogon suna aka tsamo Wipro, kuma tun 1982 kamfanin ke amsa Wipro Limited.

Shekara biyu da kafa kamfanin aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Musulmi da yawa masu dukiya suka ƙaura. An ruwaito cewa Muhammad Ali Jinnah da kansa ya gayyaci mahaifin zuwa Pakistan, amma ya zaɓi zama a Indiya. Wasu mutanen Amalner da suka sayi hannun jarin kamfanin tun yana ƙarami, suka ajiye takardun ba su sayar ba, sun wayi gari da dukiya mai yawa bayan shekaru.

Yaya aka yi ya karɓi ragamar kamfani yana ɗan shekara 21?

Ba shiri aka yi ba, mutuwa ce ta yanke. Yana karatun injiniyan lantarki a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1966 aka aiko masa cewa mahaifinsa ya rasu. Ya bar karatu saura kaɗan ya gama, ya dawo gida. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa a taron farko na masu hannun jari wani ya miƙe ya ba shi shawara ya sayar da rabonsa, ya bar wa manya harkar, domin yaro irinsa ba zai iya ba. Bai sayar ba. Digirin da ya bari kuwa sai bayan fiye da shekara 30 ya koma ya ƙarasa shi.

Abin da ya fara yi ba wani abin ban mamaki ba ne, amma shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. A lokacin yawancin kamfanonin iyali a Indiya 'yan uwa da surukai ke riƙe da kujerunsu. Shi sai ya shiga ɗauko matasa masu ilimi daga manyan makarantun koyon kasuwanci da na injiniya, ya ba su iko na gaske, ya sa komai ya koma bisa lissafi da ma'auni. Ya faɗaɗa zuwa sabulun wanka, kayan jarirai, da na'urorin da manyan motocin gini ke ɗaga kaya da su. Tun farkon shekarun 1970 ya sa aka rubuta ƙa'idojin kamfanin, kuma gaskiya da ƙin cin hanci suna sahun gaba a cikinsu.

Me ya haɗa mai sayar da sabulu da kwamfuta?

Siyasar Indiya ce ta buɗe ƙofar. A 1973 ƙasar ta yi dokar musayar kuɗaɗen waje wadda ta tilasta wa yawancin kamfanonin ƙetare su rage mallakarsu zuwa kashi 40 cikin 100, sauran su sayar wa 'yan ƙasa. Da gwamnatin jam'iyyar Janata ta hau a 1977, ministan masana'antu George Fernandes ya matsa a kan aiwatar da dokar. Coca-Cola ya tattara ya tafi. IBM, wanda shi ne uban tafiya a harkar kwamfuta a ƙasar, shi ma ya ƙi yarda, ya rufe harkarsa a 1978.

Tafiyar IBM ta bar babban giɓi. Bankuna, ma'aikatun gwamnati da manyan masana'antu suna buƙatar kwamfuta, ga harajin shigo da kaya mai tsanani, ga babu mai kawowa. Premji ya hango kasuwa. Wajen 1980 ya tara injiniyoyi a Bangalore, suka yi aiki tare da Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke birnin, suka sayi lasisin fasaha daga wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Sentinel, suka fara haɗa matsakaitan kwamfutoci. Saboda haka da ƙarfe da waya Wipro ya shiga harkar, manhaja daga baya ta zo.

Akwai masu cewa sa'a ce kawai. Sa'a tana ciki, ba musu. Amma ƙofar da IBM ya bari a buɗe kowane attajiri a Indiya ya gan ta, kaɗan ne suka shiga, kuma a cikin waɗanda suka shiga kaɗan ne suka tsira da aka buɗe kasuwa. A 1991 Indiya ta faɗa matsalar kuɗaɗen waje, Firaminista Narasimha Rao da ministan kuɗinsa Manmohan Singh suka sassauta dokokin ciniki. Manyan kamfanonin duniya suka dawo da kwamfutoci masu inganci da araha. Kamfanin da ya dogara da kariyar gwamnati kaɗai a nan ya tsaya. Wipro kuwa ya duba injiniyoyin da ya horar wajen ƙera kwamfuta, ya ga cewa su ne ainihin jarinsa, sai ya fara sayar da ƙwarewarsu ga kamfanonin ƙetaren da suka zo kashe masa kasuwa. Wannan juyi, a ganina, ya fi shigarsa harkar a 1980 nuna basira.

Shi da kansa yana rubuta manhaja?

A'a. Ba a san shi da wannan ba, kuma bai taɓa nuna kansa a matsayin gwanin rubuta manhaja ba. Gwanintarsa zaɓen mutane ce da bin diddigin lissafi. Ashok Soota ne ya daɗe yana jan ɓangaren fasaha kafin ya fita a 1999 ya kafa kamfanin Mindtree tare da wasu. Vivek Paul, wanda ya zo daga kamfanin General Electric (GE) na Amurka, shi ya ja harkar manhaja daga 1999 zuwa 2005, lokacin da ta fi saurin bunƙasa.

Wane irin aiki Wipro ke yi? Me ya sa ba a ganin manhajarsa a waya kamar ta Google ko Microsoft?

Domin ba irin kasuwancinsu ɗaya ba. Microsoft yakan rubuta manhaja guda ya sayar wa miliyoyin mutane. Wipro kuwa aikin kwangila yake yi. Wani banki a Landan, ko kamfanin inshora a Amurka, ko kamfanin mai a Turai, zai ba shi aikin rubuta masa manhaja ta musamman, ko kula da wadda yake da ita, ko gwada ta, ko tsare ta daga masu kutse. Mai amfani da katin cire kuɗi ko mai sayen tikitin jirgi zai iya taɓa aikin injiniyoyin Wipro bai sani ba, don sunan da ke kan allon na bankin ne ko na kamfanin jirgin.

Abubuwa uku suka sa wannan ciniki ya yi riba. Albashin injiniya a Indiya ƙasa yake sosai da na takwaransa a Amurka. Indiya na da ɗimbin masu digiri da ke aiki da Turanci. Sannan bambancin lokaci ya zama alheri, domin sa'ad da ake rufe ofis a New York gari na shirin wayewa a Bangalore, aikin da aka bari da yamma a tarar an yi shi da safe. Gwamnati ta taimaka da shirin unguwannin fasahar manhaja da ta kafa a 1991, inda aka samar da layin sadarwa ta tauraron ɗan adam da rangwamen haraji.

Sai kuma matsalar shekarar 2000. Tsofaffin manhajoji da yawa da lambobi biyu kawai suke rubuta shekara, 98, 99, don tsimin ma'ajiya. Aka ji tsoron cewa idan an shiga 2000 za su karanta 00 a matsayin 1900, lissafin bankuna da na fansho ya rikice. Gyaran na buƙatar dubban mutane su bi miliyoyin layukan rubutu ɗaya bayan ɗaya, aiki mai gajiyarwa wanda ba a samu isassun masu yi a Yamma ba. Kamfanonin Indiya, irin su TCS da Infosys da Wipro, suka karɓa. Da suka yi shi da kyau, waɗanda suka ba su gyara suka dawo da manyan ayyuka. A watan Oktoba na 2000 aka fara cinikin hannun jarin Wipro a kasuwar hannayen jari ta New York.

Man girki da sabulu ba su mutu ba. A 2013 aka ware su, da sauran harkokin da ba na kwamfuta ba, zuwa wani kamfani dabam mai suna Wipro Enterprises. Sabulun Santoor, wanda ya shahara a Indiya, nasu ne.

Ta ina dukiyar ta taru haka?

Ta hanyar riƙe hannun jari. Yawancin masu kafa kamfanonin fasaha sukan yi ta sayar da rabonsu don samun jari, har su ƙare da kashi kaɗan. Premji bai yi haka ba. Da ribar mai da sabulu ya gina ɓangaren kwamfuta, don haka bai buƙaci kuɗin waje sosai ba, kuma shi da iyalinsa suka ci gaba da riƙe fiye da kashi 70 cikin 100 na kamfanin. Da farashin hannun jarin fasaha ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen shekarun 1990, sai ya zama mutumin da ya fi kowa arziki a Indiya, kuma ya riƙe wannan matsayi shekaru da dama. A 2006 ya buɗe ofishin zuba jari mai suna Premji Invest, wanda ke juya wani ɓangare na dukiyar a wasu kamfanoni.

Labaran da ake bayarwa na tsiminsa gaskiya ne?

Yawancinsu suna da tushe. Shekaru da yawa kujerar talakawa yake shiga a jirgin sama. Ya daɗe yana hawan Ford Escort, daga baya Toyota Corolla, a lokacin da zai iya sayen duk motar da ya ga dama. Ma'aikatansa sun san shi da tambayar me ya sa aka bar fitila a kunne a ofis bayan an tashi.

Wasu na ɗaukar wannan a matsayin rowa. Ban yarda ba. Marowaci tarawa yake yi don kada kowa ya taɓa. Mutumin da ya ƙi kashe wa kansa kuɗin kujerar alfarma, ya kuma sa hannu ya sallama dala biliyan da dama, abin da ke ransa dabam ne: yana ganin dukiyar ba tasa ba ce shi kaɗai da zai yi wasa da ita. Tsimin da kyautar daga wuri ɗaya suka fito.

Nawa ya bayar?

Gidauniyar ta fara aiki a 2001. A watan Disamba na 2010 ya miƙa mata hannun jarin Wipro da ya kai kimanin dala biliyan 2, wanda a lokacin ba a taɓa ganin kyauta irinta daga mutum guda a Indiya ta zamani ba. Ya ƙara a 2013, shekarar da ya zama Ba'indiye na farko da ya sa hannu a alkawarin da Bill Gates da Warren Buffett suka ƙirƙiro, na attajirai su ba da aƙalla rabin dukiyarsu. A watan Maris na 2019 ya ƙara kashi 34 cikin 100 na hannun jarin kamfanin. Da wannan jimillar abin da ya keɓe ta kai rupi tiriliyan 1.45, kimanin dala biliyan 21 a lokacin, kuma amfanin kashi 67 cikin 100 na Wipro ya koma na aikin alheri.

Jerin masu kyauta na EdelGive Hurun ya sa shi a kan gaba a Indiya a 2020 da rupi biliyan 79, wato kusan rupi miliyan 220 kowace rana, sannan a 2021 da rupi biliyan 97. Wannan kyauta ta sauko da shi sosai a jerin attajiran duniya, kuma ba a ji ya damu ba.

Me ya sa hannun jari ya bayar, ba tsabar kuɗi ba?

Tsabar kuɗi ana kashewa ta ƙare. Hannun jari kuwa kamar waƙafi yake: uwar dukiyar tana nan, ribar da take haifarwa kowace shekara ita ake aiki da ita. Aikin gyaran ilimi ba na shekara biyar ba ne. Yaron da ya shiga aji ɗaya yau sai bayan shekara 12 zai gama sakandare, kuma malamin da aka horar yau zai koyar shekara 30. Gidauniyar da ke zuwa roƙon tallafi duk shekara ba za ta iya ɗaukar alkawari mai tsawo haka ba. An kuma tsara kyautar ta yadda ba ta warwaruwa, shi ko magadansa ba su da ikon cewa sun fasa.

Me ya sa ya zaɓi makarantun gwamnati? Ai da ya gina nasa masu kyau.

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma amsarta ce ta bambanta shi da attajirai da yawa.

Indiya na da makarantun gwamnati kimanin miliyan 1. A cikinsu 'ya'yan manoma, 'ya'yan leburori, 'ya'yan ƙabilun daji da na waɗanda tsarin aji na gargajiya ya danne suke karatu. Ko da mutum ya gina makarantu 1,000 na alfarma, ɗigo ne a cikin wannan adadi, kuma yaran da suka fi buƙata ba su ne za su samu shiga ba. Gidauniyar ta tsaya a kan cewa ilimin yara haƙƙi ne da ke wuyan gwamnati, kuma aikin mai kuɗi shi ne ya taimaka wa tsarin gwamnati ya yi aiki, kada ya gina wani a gefe ya bar na talakawa ya ruɓe. A bainar jama'a shugabanninta suka sha musanta ra'ayin cewa makarantun kuɗi masu araha ne mafita.

A aikace, ma'aikatan gidauniyar suna zaune ne a gundumomin karkara na jihohi irin su Karnataka, Rajasthan, Uttarakhand, Chhattisgarh da Madhya Pradesh. Ba baƙi ba ne masu zuwa taron bita na kwana uku su koma birni. Suna shiga aji tare da malamai, suna aiki da shugabannin makarantu da jami'an ilimi na gunduma, suna taimaka wa jihohi wajen gyara tsarin karatu da littattafai da yadda ake jarrabawa. Sun buɗe cibiyoyi inda malaman gwamnati ke haɗuwa bayan an tashi ko ranar hutu, bisa son ransu, ba alawus, su tattauna yadda za a koya wa yaro rarraba lamba ko karatun farko. Gidauniyar na da 'yan makarantu nata, kyauta, a wurare irin su Yadgir, Sirohi, Dhamtari da Uttarkashi, amma an yi su ne don a nuna abin da zai yiwu da irin yaran da irin yanayin da makarantar gwamnati ke ciki.

Irin wannan aiki ba ya ɗaukar hoto mai kyau. Babu ginin da za a yanke ƙyalle a buɗe, babu allon marmara mai suna. Malamar da ta daina dukan yara ta fara sauraronsu ba ta shiga labarai. Amma duk wanda ya taɓa zama a aji ya san cewa makaranta ba ta wuce malaminta, kuma mutunta malamin gwamnati, a lokacin da kowa ke zaginsa da lalaci, shi ne abin da na fi girmamawa a wannan tafiya.

Mai kamfanin kwamfuta, ai da kwamfuta ya raba wa makarantu?

Sun gwada. A shekarun farko gidauniyar ta zuba ƙarfi wajen shirya darussa a faifan kwamfuta cikin harsunan Indiya da dama, aka rarraba wa dubban makarantu. Yara sun so su. Amma da aka zauna aka auna, sai aka ga karatun bai ƙaru yadda aka zata ba. Wuta ba ta tsayawa, na'urori na lalacewa ba mai gyara, kuma mafi girma, inda malami bai san yadda zai haɗa faifan da darasinsa ba, abin ya zama kallo kawai. Anurag Behar, wanda ke shugabantar gidauniyar, ya rubuta wannan a fili, kuma suka karkata zuwa horar da malamai.

Ba ƙaramin abu ba ne mutumin da ya yi arziki da fasaha ya yarda cewa fasaha ba ita ce maganin aji ba. Lokacin annobar korona ma, da aka rufe makarantu, binciken jami'ar da gidauniyar ta kafa ya nuna cewa karatu ta intanet bai yi wa yaran makarantun gwamnati amfani ba, yawancinsu ko wayar ba su da ita.

Jami'ar fa?

An kafa Jami'ar Azim Premji a Bangalore da dokar jihar Karnataka ta 2010, ta ɗauki ɗalibai na farko a 2011. Ba don riba aka yi ta ba. Manufarta ta samar da mutanen da za su yi aiki a fannin ilimi, raya karkara, lafiyar al'umma da tsara manufofin gwamnati, domin gidauniyar ta gano cewa ƙarancin ƙwararrun mutane ya fi ƙarancin kuɗi tsanani. Ɗalibai da yawa da tallafi suke karatu. An buɗe reshe na biyu a Bhopal a 2023. Rahoton da take fitarwa tun 2018 kan halin aikin yi da rashinsa a Indiya ya zama abin da 'yan jarida da masana ke dogaro da shi.

Ilimi kaɗai suke yi?

A'a, sun faɗaɗa. Tun 2014 suke ba ɗaruruwan ƙungiyoyi masu zaman kansu tallafi na shekaru, waɗanda ke aiki da yaran titi, naƙasassu, matan da ake cin zarafinsu da ƙananan manoma. A watan Afrilu na 2020, da korona ta shigo, gidauniyar da kamfanonin Wipro biyu suka ware rupi biliyan 11.25, daga baya aka ƙara ya haura biliyan 21. An ciyar da leburorin da kulle ya raba da aikinsu, an samar da iskar numfashi da kayan gwaji, kuma Wipro ya mai da wani ofishinsa a Pune asibiti mai gado 450.

A 2024 gidauniyar ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Karnataka ta rupi biliyan 15 cikin shekara uku, don a ƙara yawan ranakun da ake ba yara ƙwai a abincin rana na makaranta, yara kimanin miliyan 5.5. Akwai kuma tallafin rupi 30,000 a shekara ga 'yan matan da suka gama makarantar gwamnati suka samu gurbi a babbar makaranta. Ko a nan salon bai canza ba, ta cikin tsarin gwamnati ake bi.

Wannan kyauta zakka ce?

Zakkar kuɗi kashi 2.5 cikin 100 ce a shekara, kuma tana da waɗanda aka ƙayyade a ba. Abin da ya yi ya wuce wannan ma'auni nesa, kuma gidauniyar ba ta addini ba ce, ba ta tambayar addinin yaro ko na malami. Idan an tambaye shi abin da ya zaburar da shi, mutum biyu yake ambata. Ta farko mahaifiyarsa, Gulbanoo Premji, likita ce wadda ta ba da kusan shekara 50 na rayuwarta ga wani asibitin sadaka na yara masu shan inna da sauran naƙasar ƙashi a Bombay. Na biyu Mahatma Gandhi, wanda ya koyar da cewa mai dukiya amana aka ba shi, ya riƙe ta don jama'a.

Yana kuma ganin kyauta ba a tilasta ta. Dokar kamfanoni ta Indiya ta 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a ayyukan al'umma, shi kuwa ya fito ya ce bai ga dacewar a mai da abin doka ba, daga zuciya ya kamata ya fito.

Babu abin da ake sukarsa da shi?

Akwai, kuma ya kamata a faɗa. A watan Janairu na 2009 aka bayyana cewa Bankin Duniya ya dakatar da Wipro daga karɓar kwangilarsa kai tsaye na shekara huɗu, daga 2007 zuwa 2011. Dalili shi ne lokacin shiga kasuwar New York a 2000 an ba wasu ma'aikatan bankin damar sayen hannun jarin kamfanin, abin da bankin ya ɗauka amfani ne da bai dace ba. Wipro ya ce bai karya doka ba. Ko da hakan ne, ga kamfanin da ke tinƙaho da tsabta, tabo ne.

Ta fuskar kasuwanci, Wipro ya daɗe yana bin bayan TCS da Infosys, har HCL ya zo ya wuce shi. An sauya shugabannin gudanarwa sau da dama, har da gwajin naɗa mutum biyu a kujera ɗaya daga 2008 zuwa 2011, wanda bai yi nasara ba. Wasu manazarta na ganin taka-tsantsan ɗin Premji da riƙon da ya yi wa kamfanin sun rage masa gudu.

Suka mafi nauyi ita ce ta iko. Amfanin hannun jarin ya koma ga gidauniya, amma jan ragamar kamfanin na hannun iyali har yanzu. Sannan gidauniya mai dukiya haka tana da murya babba a kan abin da za a koya wa 'ya'yan jama'a, alhali ba wanda ya zaɓe ta, ba kuma wanda zai iya tsige ta. Wannan damuwa gaskiya ce, kuma ta shafi duk wata babbar gidauniya a duniya. Abin da ya rage mata kaifi a nan shi ne sun zaɓi yin aiki a ƙarƙashin gwamnatocin jihohi da jama'a suka zaɓa, kuma suna buga sakamakon bincikensu ko da bai yi musu daɗi ba. Ya rage mata kaifi, bai kawar da ita ba, don haka 'yan jarida da iyaye da ƙungiyoyin malamai suna da haƙƙin ci gaba da sa ido.

Wa ke riƙe da kamfanin yanzu?

Premji ya sauka daga shugabancin gudanarwa a ƙarshen Yuli na 2019, babban ɗansa Rishad ya hau kujerar. Srini Pallia, wanda ya shafe fiye da shekara 30 a kamfanin, shi aka naɗa babban jami'in gudanarwa a watan Afrilu na 2024. Gwamnatin Indiya ta ba Premji lambar Padma Bhushan a 2005 da Padma Vibhushan a 2011, wadda ita ce ta biyu a daraja cikin lambobin farar hula na ƙasar, Faransa kuma ta karrama shi a 2018. Tun saukarsa ya mai da hankali ga gidauniyar, wadda yanzu ta shiga harkar lafiya da gidajen renon yara ƙanana a yankunan karkara, kuma tana gina reshen jami'a na uku a Ranchi, babban birnin jihar Jharkhand.